Yadda ake sayen tsohuwar motar 'yan sandan Amurka a dawo da ita kamanninta na da

Motar 'yan sanda in ta gama aiki a Amurka, ba a cika jefar da ita ba. Sai a cire mata fitilun kai da jiniya da rediyo, a kankare tambarin da ke jikin ƙofa, a kai ta gwanjo. Wasu tasi suke komawa, wasu matasa su saya saboda ƙarfin injin, kaɗan ne ke faɗawa hannun masu son mayar da su yadda suke a ranar da suka fara sintiri. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, darajar motar tana cikin tarihinta. Kowane rami da ka gani a rufinta, kowace waya da aka yanke, shaida ce ta abin da aka taɓa ɗaura mata. Wanda ya yi gaggawar toshewa da fenti ya shafe abin da zai nuna masa hanya.

Kayan da za ka tanada

Sifanoni da soket na milimita da na inci, domin tsofaffin motocin Amurka na inci ne, na baya-bayan nan kuma sun fi amfani da milimita. Sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Jak mai ƙarfi da ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota, don irin waɗannan motoci suna kusan tan biyu. Mitar gwada wuta, da na'urar karanta kwamfutar mota idan ƙirar 1996 ce ko bayanta. Sai tocila, ƙaramin maganaɗisu, na'urar hura iska mai zafi, safar hannu mai kauri, takunkumi, da abin kashe gobara.

Ka haɗa da littafin gyara na kamfanin da ya ƙera motar, wanda ke da zanen wayoyi. Sannan kayan da mutane suke rainawa alhali su ne kan gaba: littafin rubutu, farar takarda mai shara-shara ta kwafar zane, tef na liƙa suna, da ledoji na zuba noti. Idan ba ka da injin walda ko wurin fenti, ba komai, waɗannan aikin haya ne. Wurin ajiya mai rufi kuwa ba shi da madadi.

1. Fara da doka, kafin ka nemi mota

A Amurka kowace jiha da nata tsarin. Mallakar motar da ta taɓa aikin 'yan sanda halal ne, abin da ake takawa birki shi ne kamanni. Shuɗiya da jar fitila, jiniya, kalmar 'yan sanda a jikin ƙofa, tambarin hukuma, kowanne da hukuncinsa, kuma yin shigar ɗan sanda laifi ne a ko'ina. Kalifoniya ta hana a tuƙa motar da aka yi wa fenti don ta yi kama da ta jami'an da ke kula da hanya, sai 'yan keɓantattun yanayi. Wasu jihohin suna barin fitilar ta zauna a kai muddin an rufe ta kuma ba ta haɗe da wuta a kan titi.

Karanta dokar jiharka da idonka, kada ka dogara da "an ce". Idan kana son sa tambarin wata hukuma da har yanzu take aiki, rubuta mata takarda ka nemi izini, ka ajiye amsar a cikin motar. In ba su yarda ba, akwai mafita biyu: ka yi tambarin a jikin faranti mai maganaɗisu da za ka liƙa a wurin baje koli kawai, ko ka bar motar a matsayin ta 'yan sandan ciki, wadda dama ba ta da rubutu ko ɗaya.

2. Zaɓi irin da za ka iya ɗauka

Kowa na sha'awar Dodge Monaco da Plymouth Fury na shekarun 1970, masu babban injin 440 wanda 1978 ce shekararsa ta ƙarshe a motocin sintiri. Haka ma Mustang SSP da Ford ya yi daga 1982 zuwa 1993, wadda 'yan sandan manyan hanyoyin Kalifoniya suka fara saya. Suna da kyau, amma ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da su. Sun yi ƙaranci, kayansu na wahalar samu, kuma jabunsu sun yi yawa.

Fara da Ford Crown Victoria ta 'yan sanda. An yi ta daga 1992 har 2011, a masana'antar St. Thomas da ke Ontariyo a Kanada, kuma an yi ta da yawan da har yau kayanta suna cike a wuraren tsofaffin motoci. Injinta mai silinda takwas ne, lita 4.6, bodinta kuma a kan shasi yake zaune, abin da ke sauƙaƙa gyara ƙwarai. A 2003 aka sake mata shasi da tsarin sitiyari, don haka ni na fi son daga wannan shekara zuwa sama. Wanda yake son abin da ya ɗan fi tsufa, ya duba Chevrolet Caprice 9C1, wato samfurin 'yan sanda, musamman ta 1994 zuwa 1996 mai injin LT1, ko Dodge Diplomat da Plymouth Gran Fury da aka daina yi a 1989.

3. Tabbatar ta gaske ce

Baƙin fenti da fari ba ya mayar da mota ta 'yan sanda. Daga 1981 lambar shasi harafi 17 ce. A Crown Victoria duba na biyar zuwa na bakwai: P71 ita ce ta 'yan sanda, a 2010 da 2011 kuma P7B. Ka ga P73 ko P74, motar gida ce aka yi wa ado. A Caprice akwai takardar lambobi da ake liƙawa a cikin murfin but, nemi 9C1 a jiki. A tsofaffin Dodge da Plymouth akwai ƙaramin farantin ƙarfe a ƙarƙashin bonet, lambar A38 ce shaidar na shekarun 1970, AHB kuma ta Diplomat da Gran Fury na baya. Wani lokaci har takardar masana'anta za ka tarar a maƙale cikin sifirin na kujera. In ka same ta, sa ta a leda nan take, kada ka ninke ta.

Da lambar shasin za ka iya duba shafin NICB, cibiyar yaƙi da satar motoci da zambar inshora, kyauta ka ga ko an taɓa ba da rahoton satar motar ko kamfanin inshora ya taɓa ayyana ta a matsayin wadda ta lalace ba ta cancanci gyara ba, da shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, don ganin gyare-gyaren da kamfani ya yi kira a kawo a yi kuma ba a kai ta ba.

4. Je ka gan ta da idonka

Hukumomi na sayar da motocinsu a shafukan gwanjo irin su GovDeals da Public Surplus, gwamnatin tarayya kuma ta GSA Auctions. Sayarwar "yadda ka gani" ce, ba mayarwa, kuma akwai la'adar gwanjo da ake ɗorawa a kan kuɗin da ka taya. Lissafa wannan da kuɗin ɗauko ta kafin ka sa hannu. Yawanci suna ware ranar dubawa. Gani ya kori ji, je ka.

A nan ne mutane suka fi yaudaruwa, don haka bari in tsaya. Mitar tafiya ba ta faɗin gaskiyar wahalar da motar sintiri ta sha. Motar kan yi awa bayan awa a tsaye injin na aiki, saboda rediyo da fitilu da na'urar sanyaya ciki. Daga 2006 Crown Victoria tana da mitar da ke ƙirga awannin tsayuwar nan, kuma Ford na lissafa kowace awa ɗaya a matsayin mil 33. Ke nan motar da mitarta ke nuna mil 90,000 amma tana da awa 6,000 na tsayuwa, injinta ya ƙara ɗaukar nauyin mil 198,000 da ba a rubuta ba. Shi ya sa motar babbar hanya mai mil da yawa takan fi motar cikin gari mai mil kaɗan lafiya. Wadda ta fi duka ita ce ta shugaban ofis ko ta mai bincike: mutum ɗaya ke tuƙa ta, ba a ɗauki masu laifi a bayanta ba, ramukan jikinta kaɗan ne. Wadda ta yi tasi bayan ritaya kuwa, ka bar ta sai dai don cire kaya.

Kwanta ka haska ƙarƙashinta. Jihohin arewa suna watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin shasi da bututun birki. Ƙwanƙwasa shasin da bakin sukudireba, musamman bayan tayoyin gaba da kusa da na baya. Tsatsar sama-sama ana gogewa, amma in ƙarfen ya burma, haƙura. Bi jikin ƙofofi da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, an cika wurin da fila bayan haɗari. Zaro ma'aunin man giya ka sansana, in yana ƙauri kuma ya yi baƙi, giyabos ya kusa. Tambayi mai kula da motocin hukumar ko za a ba ka takardun sabis, ka kuma rubuta lambar da motar take amsawa a wurin aiki. Da wannan lamba za ka nemo tsofaffin hotunanta daga baya.

Ka ɗauko ta a kan tirela. Tayoyinta sun daɗe a tsaye, ba ka san halin birkinta ba, kuma ba ta da lamba ko inshora tukuna.

5. Rubuta komai kafin ka taɓa komai

Wannan mataki ne ya raba mai dawo da tarihi da mai gyaran mota kawai. Ɗauki hoton kowane ɓangare. Auna kowane rami, ka zana inda yake a littafinka. Ramin da ya kai kashi uku cikin huɗu na inci a rufi ko murfin but, na eriya ne. Yawansu zai gaya maka rediyo nawa motar ta ɗauka. Tabon ƙafafu a gefen rufi da ramin da waya ta bi zai nuna maka irin fitilar kai da faɗinta. Ramukan ƙasa tsakanin kujeru na akwatin rediyo ne, na jikin ginshiƙin tsakiya kuma na shingen da ke raba gaba da baya.

Sai ka fitar da ita rana da hantsi ko da la'asar, ka tsuguna ka kalli ƙofa ta gefe. Fentin da ke ƙarƙashin tambari bai sha rana kamar sauran ba, don haka inuwar rubutun tana nan. Ɗora takarda mai shara-shara ka kwafe ta da fensir: girman haruffa, tazararsu, inda layi ya karya. A motata ta biyu, mai fentin da na kai wa ya fara goge ƙofofin da samfefa a ranar da na kai ta, kafin in dawo da takardar kwafa. Na shafe watanni ina bin tsofaffin hotuna ina kintatar girman da a da yake rubuce a gabana. Yanzu ba na barin mota ta bar gida sai zanen yana hannuna.

6. Wanke ta, amma da hattara

Sa safar hannu mai kauri kafin ka ɗaga kujerar baya. Mutanen da aka kama sukan cusa abin da ke aljihunsu a ƙarƙashinta, kuma ana samun allura da reza, har da harsashi. Kada ka zura hannu inda idonka bai gani ba, yi amfani da tocila da filaya. In ka tsinci ƙwaya ko makami, bar shi a wurin ka kira 'yan sanda. Yawancin waɗannan motoci shimfiɗar roba gare su maimakon kafet, sai ka cire ta ka wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ka duba ko ruwan da ya shiga ta ramukan rufi ya kwanta a ƙasa.

Ragowar gam na sitika, hura masa iska mai zafi kaɗan-kaɗan ka murje. Kada ka tsaya wuri ɗaya, fenti zai kumbura.

7. Wayoyi

Masu cire kayan 'yan sanda sauri suke yi, almakashi kawai suke sawa. Za ka tarar da wayoyi a yanke a ƙarƙashin dashbod da cikin but, wasu da wuta a jikinsu. Cire kan batir tukuna. Bi kowace waya da ba ta masana'anta ba har tushenta, ka liƙa mata suna, sannan ka yanke shawarar cirewa ko ajiyewa. Wayoyi da soket masu ruwan ɗorawa na jakar iska ne, kada ka sa musu mita ko kaɗan.

Idan fitilun gaba suna wasa, nemi inda aka yanka wayarsu aka sa na'urar da ke sa su walƙiya, sau da yawa ba a mayar da haɗin da kyau ba. Idan batir na mutuwa cikin dare, sa mita tsakanin batir da wayarsa, ka jira kwamfutocin motar su kwanta. Abin da ya wuce kimanin miliyam 50 ya yi yawa. Ciro fis ɗaya bayan ɗaya har ka ga inda ya sauka. Ƙofofin baya da ba sa buɗuwa ta ciki ba lalacewa suka yi ba, da gangan aka cire sandunansu, wani lokaci ma za ka same su a leda cikin but. Ni nakan bar su a cire idan motar baje koli ce kawai, amma in iyali za su shiga, dole a mayar. Kuma ka canja makulli, domin hukumomi da yawa suna sayen motocinsu da makulli iri ɗaya.

8. Birki da injin kafin kwalliya

Birki, tayoyi, sitiyari, sannan injin. Canja duk wani ruwa da ke cikin motar: baƙin mai, man giya, man birki, ruwan lagireto, man aksul na baya. Bi abin da littafin ya ce, don ko a cikin Crown Victoria man giyar shekarun ƙarshe ya bambanta da na farko.

Kowace iri da inda take ciwo. Crown Victoria ta 1996 zuwa 2001 tana da bututun shigar iska na roba da ke tsagewa ya zubar da ruwa, ana maye shi da mai gaban alminiyam. Kan injinta alminiyam ne, zaren ramin fulogi kuma gajere ne a tsofaffin, don haka kada ka kwance fulogi injin na da zafi, kuma ka ɗaure da sifana mai awo. Caprice mai LT1 tana da na'urar raba wuta a bayan famfon ruwa. Famfon in ya fara ɗiga sai ya kashe ta, saboda haka a canja su tare, kuma kada ka watsa wa injin ruwa da ƙarfi. Masu kafireto da suka daɗe a ajiye, zubar da tsohon fetur, wanke tanki, canja duk tiyon roba. Ƙurar tsofaffin birki kan ƙunshi asbestos, sinadari mai illa ga huhu, jiƙa ta ka goge, kada ka hure ta da iska.

9. Bodi da fenti

Ramin da za ka sake amfani da shi, bar shi. Wanda ba ka buƙata, a yi masa walda da ɗan guntun ƙarfe, bayan an sauke silin na ciki don kada ya kama wuta. Fila kaɗai ba ta riƙe rami, za ta tsage ta faɗa. In kuɗi bai kai ba, marfin roba da gam mai hana ruwa za su riƙe ka na ɗan lokaci.

Gargaɗi mai muhimmanci ga mai Crown Victoria: tankin fetur yana tsaye ne a bayan aksul, dab da bangon gaba na but. Kada ka huda wannan bango, kada ka ɗaura masa dogon sukuru, kada a yi walda kusa da shi ba tare da an sauke tankin ba.

Wajen launi, bi abin da hukumar take yi a shekarar motar. Baƙi da fari ma ba iri ɗaya ba ne, wasu ƙofofi huɗu da rufi ne fari, wasu ƙofofin gaba kawai. 'Yan sandan jihar Mishigan kuwa shuɗi ne nasu, da jar fitila guda ɗaya a tsakiyar rufi. Kai wa mai yanka sitika zanen da ka kwafa tare da hotuna, ka sa ya fara buga shi a takarda ka gwada a jikin ƙofa.

10. Kayan aiki na zamaninta

Yanzu ne lokacin fitila, ba da farko ba. Kuskuren da ya fi ɓata min rai shi ne ganin motar 1978 da siririyar fitilar zamani a kanta. Motar shekarun 1970 tana tafiya da irin su Twin Sonic mai juyawa na kamfanin Federal Signal, ta shekarun 1990 kuma da irin su MX7000 na kamfanin Code 3 ko Edge na kamfanin Whelen. Haka rediyo, galibi Motorola ne amma kowane zamani da samfurinsa. Hotunan hukumar da ramukan da ka auna su ne alƙalai. Ana samun kayan a hannun masu tarawa da wuraren baje koli. In ba ka samu daidai ba, gara ka bar wurin fanko ka ci gaba da nema.

Rediyon na ado ne, kada ya zama mai iya aika magana. Haɗa fitilu da jiniya duka a kan babban makunni ɗaya mai fis, ka ɓoye shi cikin but inda direba ba zai kai hannu ba yana tuƙi.

11. Rajista da fita titi

Jihohi da yawa suna ba da lambar motar tarihi idan ta kai shekara 25, tare da taƙaita amfani da ita ga baje koli da jerin gwano. Gaya wa kamfanin inshora ainihin abin da motar take, ka nemi inshorar da kuka amince a kan darajarta tun farko, ka ba su hotuna da rasit.

Ranar fita, rufe fitilar kai da murfinta, rufe tambarin ƙofa, manna sanarwar cewa motar ba ta bakin aiki a gefe da baya, kashe makunnin but. Kada ka sa kaya masu kama da kaki. Tuƙa a hankali, don mutane za su riƙa taka birki da sun hango ka a madubi. Idan ɗan sanda ya tsayar da kai, ajiye hannuwanka a kan sitiyari, ka gaya masa motar tarihi ce kuma takardun izini suna cikin aljihun dashbod, ka jira ya ce ka ɗauko. Sai ka isa filin baje koli, masu shirya taron sun ba da izini, sannan ka buɗe but ka kunna makunnin.